Tarihin Ibrahim Narambaɗa, Makaɗin Sarkin Gobir na Isa

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya ba ɗan Adam harshe, Ya ɗaukaka shi da shi bisa sauran halitta. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ga tarihin Ibrahim Narambaɗa na Tubali, makaɗin kotso, wanda ya rasu fiye da shekara 60 da suka wuce, amma har yau in aka saki muryarsa sai ka ga dattijo ya katse zance, mai awo ya ajiye mudu. Wataƙila wani almajiri ya ce, me ya kawo labarin makaɗi wurin da malamai ke karatu? To, ya tuna a zaurukanmu a kan karanta waƙoƙin shu'ara'u shida na Jahiliyya, su Imru'ul Ƙaisi da Zuhairu da Antara, don neman lugga. Ya tuna kuma Abul Faraji mutumin Isfahan ya tara Kitabul Agani, mujalladi bisa mujalladi, a kan mawaƙan Larabawa, malaman tarihi kuwa ba su daina ɗiba daga cikinsa ba. In haka ta halatta ga harshen Larabci, ai Hausa ma tana da rumbunta, Narambaɗa kuwa yana cikin waɗanda suka cika rumbun nan.

Fasali na farko: ƙasarsa da asalinsa

An haifi Ibrahim a garin Tubali wajen ƙarshen ƙarni na 19, kafin Turawa su ci Sakkwato a 1903. A zamanin nan Tubali tana bin Isa. Yau tana cikin ƙaramar hukumar Shinkafi ta Jihar Zamfara, domin da aka yanke Zamfara daga Sakkwato a 1996 sai Isa ta zauna a Jihar Sakkwato, Shinkafi ta bi Zamfara. Yankin nan mahaɗar jama'a ce tun da can. Akwai Gobirawa da Zamfarawa da Fulani, ga Adarawa da Buzaye masu saukowa daga arewa da gishiri da dabbobi. Ba shi da nisa da kufan Alƙalawa, babban birnin Gobir wanda ya faɗa hannun jama'ar Shehu Usmanu a 1808. Kasuwar Shinkafi da ke ci ran Alhamis ta daɗe tana tara fatake daga nesa, kuma da hanyar jirgin ƙasa ta iso Ƙaura Namoda a 1929 sai zirga-zirga ta ƙaru. Yaron da ya tashi a irin wannan wuri, in yana da kunne, zai ji Hausa iri iri kafin ya yi gemu.

Sunan ubansa Maidangwale, mutumin Filinge ne, cikin ƙasar da ta ke Jamhuriyar Nijar yau. Shi ba makaɗi ba ne, a fagen gwada ƙarfi ya yi suna. Uwarsa Riba, mutuniyar Badarawa, ita ce ta fito daga gidan kiɗa. Ga al'adar Hausawa sana'a uba ta ke bi, ɗan maƙeri ya yi ƙira, ɗan mahauci ya yi fawa, wanda kuma ya shiga sana'ar da bai gada ba a ce da shi haye. Ibrahim ya faɗa tsakani, ta wajen uba haye ne, ta wajen uwa kuwa ɗan gado.

Laƙabinsa kuma, masu ba da tarihinsa sun ce yana da wata karya da ya ke kira Rambaɗa, shi ne mutane suka riƙa ce masa na Rambaɗa, har sunan ya bi shi ya danne na yanka. Dubi ikon Allah, sunan da aka fara da wasa a ƙauye shi ne yau a ke rubutawa a bangon littattafai.

Fasali na biyu: makarantarsa ta farko, watau gona

Kafin a fahimci aikin mutumin nan sai an san yadda kiɗa ya ke a ƙasar Hausa a zamanin da ya tashi. Kowace sana'a da kiɗanta, ba a haɗa su. Mahauta suna da kalangu. Maƙera suna da dundufa. Mafarauta suna da komo. 'Yan bori suna da garaya da goge. Mata a cikin gida suna da shantu da ƙwarya, da waƙoƙin daka da na niƙa da na reno. Manoma kuwa suna da gangar noma. Kowane gwani a sana'arsa yana da takensa, wanda in an kaɗa ko yana bayan gari ya san da shi a ke. Babu mai rubuta ko ɗaya daga cikin waɗannan, daga baki ne zuwa kunne, uba ya bar wa ɗa.

Da kiɗan noma Narambaɗa ya fara. In damina ta zauna, ciyawa ta fi ƙarfin mai gona, sai ya kira gayya. Samari su jeru, kowa da kuyyarsa, makaɗa na biye da su. Aikin makaɗi a nan shi ne ya sa mutum ya yi abin da ba zai iya ba in shi kaɗai ne. Sai ya kira shi da sunansa, ya ambaci ubansa da kakansa da damman da suka taɓa ɗaurewa, har jikin saurayin ya ɗauki tsuma ya manta da rana. Wanda ya yi baya kuma a yi masa shaguɓe a gaban 'yammata, ba a faɗi sunansa ba, amma kowa ya gane.

A wannan fage ya koyi abubuwan da ya rayu da su har mutuwa. Ya koyi cewa ba a yabon mutum sai an san asalinsa. Ya koyi gajarta magana, domin kalma sai ta faɗa daidai da saran hauya, in ta yi tsawo ta ɓata aiki. Ya koyi yadda a ke ba 'yan amshi abin da za su riƙe, da yadda a ke harbin mutum da habaici ba a bar masa abin kai ƙara ba. Ya kuma cika idonsa da abin da manomi ke gani kullum: hadari, da cikar gulbi, da fari, da halin dabbobin gida da na dawa. Wanda ya saurari waƙoƙinsa na fada da natsuwa zai ji ƙamshin ƙasar gona a cikinsu.

Fasali na uku: shigarsa fada

Da ƙwarewarsa ta bayyana sai ya bar gangar noma ya ɗauki kotso, kiɗan da dangin uwarsa suka gada. Kotso ganga ce mai siririn tsakiya kamar kalangu, sai dai baki ɗaya kaɗai a ke rufe wa da fata, ɗayan a bar shi buɗe. A kan liƙa ɗan danƙo a tsakiyar fatar don murya ta zauna, da hannu kuma a ke kaɗa shi. Kayan sarauta ne, kamar taushi da jauje. Tambari da kakaki suna shelar sarki daga nesa, amma kotso muryarsa ba ta danne ta mawaƙi, saboda haka ya dace da mai son a ji kowace kalma tasa.

Ubangidan da ya shahara da shi shi ne Sarkin Gobir na Isa Amadu Bawa, wanda ya yi sarauta daga 1935 zuwa 1975. Ko da ya ke sunan sarautar na Gobir ne, gidan na zuriyar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne, domin Isa ribaɗi ce da aka kafa don tsaron iyaka bayan jihadi. Tsakanin sarki da makaɗinsa akwai alkawari wanda ba a rubuta ba. Sarki ya ɗauki ci da sha da sutura da abin hawa. Makaɗi kuma ya tsaya a ƙofar fada daren Jumma'a, ya bi hawan Salla, ya halarci naɗi da bikin gidan sarauta, ya raka rangadi. Ba ya yi wa talaka waƙa a kasuwa, in kuma zai tafi wata fada sai da izini. Ta haka Narambaɗa ya zaga fadodin ƙasar Sakkwato da Zamfara, ya yi wa sarakuna da hakimai da alƙalai waƙa, amma Isa ce gida.

Sai a lura da zamanin. Bayan 1903 yaƙi ya ƙare. Hakimi ya koma mai tara haraji da jangali a ƙarƙashin En'e, Joji na duba littafinsa. Jikokin mayaƙa ba su da fagen da za su nuna su wane ne, alhali kuwa gasa tsakanin 'ya'yan sarki ba ta mutu ba, sauya wuri kawai ta yi, ta bar bakin mashi ta koma bakin mutane. A irin wannan hali makaɗi mai fasaha ya fi barde amfani. Shi ke tuna wa jama'a kakannin ubangidansa da garuruwan da suka tsare, shi ke kuma rage wa masu neman gadon tsawo. Watau aikin da ya saba yi a gona shi ya ci gaba da yi, sai dai yanzu wanda a ke zuga sarki ne, kuyyar kuwa mulkin jama'a.

Fasali na huɗu: yadda ya ke gina waƙa

Waƙar fada tana da gindi, tana da ɗiya. Gindi shi ne abin da 'yan amshi ke komawa gare shi bayan kowane ɗa, shi ne kuma ke ɗauke da kirarin wanda a ke yi wa. A tsarin makaɗan ƙasar Sakkwato 'yan amshi ba maimaici kaɗai su ke yi ba. Jagora ya kan fara magana ya sake ta, su karɓe su ƙarasa, wani lokaci su yi ƙari. Wannan ba ya yiwuwa sai an zauna an tsara waƙar tun a gida an haddace ta, kamar yadda almajirai ke tilawa kafin su zo gaban malam. Don haka waƙoƙin Narambaɗa suka fito a daidaice, babu kalmar da ta zo cike gurbi.

Ya kan ɗauki sarki ya kwatanta shi da giwa ko zaki ko gulbin da ya cika, ya ɗauki abokin hamayya ya ba shi siffar wata ƙaramar dabba ko wani hali na abin dariya, ba ya kama suna. Tsakanin yabo da zambo kuma sai ya saka magana a kan duniya: cewa kowane abu da lokacinsa, cewa mulki na Allah ne Yana ba wanda Ya so, cewa gaggawa ba ta kawo abin da ba a ƙaddara ba. Waɗannan maganganu su suka fi yawo, har mutane da yawa na faɗinsu a matsayin karin magana ba su san daga bakin wa suka fito ba.

Mafi shahara cikin waƙoƙinsa ita ce Bakandamiya, wadda ya yi wa Sarkin Gobir Amadu, ya kuma buɗe baki a cikinta ya yabi kansa da gwanintarsa, ya ƙalubalanci sauran mawaƙa. Akwai Dokin Iska Ɗan Filinge, wadda ya yi wa wani dokin sukuwa, ya siffanta gudunsa har mai saurare ya ga kamar yana bakin fage. Akwai kuma wadda ya yi wa Alƙali Abu. Dukansu da Hausar yamma ya yi su, inda a ke cewa shina maimakon yana, hwaɗi maimakon faɗi, biyat maimakon biyar, ɗiya maimakon 'ya'ya. Akwai sunayen kayan doki da na sarauta da na noma a cikinsu waɗanda yaran yau ba su sani ba, sai an tambayi tsofaffi.

Fasali na biyar: matsayin malamai

Ba daidai ba ne a ba da wannan tarihi a ɓoye abin da malamai suka faɗa. Shehu Usmanu, a cikin Kitabul Farƙi, ya lissafa shagala da kaɗe-kaɗe da bushe-bushe cikin aibobin sarakunan Hausa na zamaninsa. Ƙanensa Malam Abdullahi, da ya sauka Kano a 1807, ya sa aka fasa kayan wasa, aka mai da itacen ganguna abin zuba wa dawaki harawa. Malamai sun rarrabe tsakanin gangar yaƙi da ta tara jama'a da duffin aure, waɗanda suka yi sauƙi a kansu, da kiɗan shagala wanda suka hana. Abin da suka ƙi ga maroƙa a fili ya ke: wuce iyaka wajen yabo, da cin mutuncin wanda ba ya nan, da roƙo ga mai lafiyar da zai iya nema. Fasahar Narambaɗa ba ta goge ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Zambonsa ya taɓa mutanen da ke da 'ya'ya da jikoki, ƙaya kuwa ko an cire ta wurin ya kan daɗe yana zafi.

Amma su malaman jihadi sun san kunnen Bahaushe, sun san abin da aka rera ya fi zama a zuciya bisa abin da aka faɗa. Shi ya sa suka tsara wa'azi da fiƙihu da tarihin Annabi cikin waƙoƙin ajami. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta ba jajjinta waƙoƙi su kai wa mata a ƙauyuka. Daga baya Malam Aliyu Namangi na Zariya ya ɗauki karin kiɗan caji ya ɗora Imfiraji a kansa, ga ta nan har yau makafi da almajirai na rera ta. Ashe ke nan waƙar zaure da waƙar fage sun sha ruwa a rijiya ɗaya, ko da ya ke kowace da inda ta nufa. Shi kansa Narambaɗa bakinsa cike ya ke da ambaton Allah da addu'a da kalmomin malamai, gidan da ya yi wa hidima kuwa gidan jikokin Shehu ne. Hukuncin sana'arsa yana cikin littattafan fiƙihu ga mai nema. Hukuncin shi kansa yana wurin Ubangijinsa.

Fasali na shida: rasuwarsa da abin da ya bari

Narambaɗa ya rasu a farkon shekarun 1960, ya bar ubangidansa a kan gado. Allah Ya sa na'urar ɗaukar murya ta riske shi a ƙarshen rayuwarsa, aka ɗauki wani abu daga waƙoƙinsa. Gidajen rediyo na Kaduna da Sakkwato suka yi ta sa su, daga nan suka shiga kaset, fatake suka kai su Kumasi da Yamai da Fort Lami, wadda a ke kira Njamena tun 1973, har Sudan wurin 'yan'uwanmu da suka zauna a hanyar Makka. Yau suna cikin wayar hannu. Makaɗan da suka riga shi, waɗanda na'ura ba ta riska ba, sun tafi da nasu.

Ba shi kaɗai ne gwani a zamaninsa ba. Akwai Salihu Jankiɗi da Aliyu Ɗandawo masu taushi, bayansu ga Sa'idu Faru da Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, dukansu biyu masu kotso. Amma in masana na auna makaɗan fada, da Narambaɗa su kan gwada. Kalmar bakandamiya ta zama sunan duk aikin da mutum ya fi ƙwarewa a kai. Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, shi ma ya kira babbar waƙarsa da wannan suna, yau kuma har marubuta da maɗinka a kan ce wannan ce bakandamiyar wane. Jami'o'i na karantar da waƙoƙinsa. Farfesa Aliyu Muhammad Bunza ya wallafa littafi sukutum a kansa a 2009, kuma a 2019 masana suka taru a Jami'ar Bayero ta Kano don nazarin aikinsa kaɗai. Mutumin da ya fara da bin samari a gona da ganga, ga shi shehunan boko na zama su yi wa maganarsa sharhi.

An ruwaito cewa Sayyadina Umar ya sa wani ɗan Harimu bin Sinan ya karanta masa yabon da Zuhairu ya yi wa ubansu. Da ya ji sai ya yaba kyawun maganar. Ɗan ya nuna ai su ma sun kyautata wa mawaƙin da kyauta mai yawa. Sai Umar ya nuna masa cewa abin da suka bayar ya ƙare, abin da aka ba su kuwa ya wanzu. Haka ta faru a Isa. Dawakin da aka ba Narambaɗa sun mutu, rigunan sun tsufa sun yage, kuɗin ma an daina karɓar irinsu tun da aka sauya fam da sule zuwa naira a 1973. Amma sarakuna nawa aka yi a zamanin Amadu, masu ƙasa da ta fi tasa faɗi, waɗanda yau sai an buɗe littafi kafin a tuna da su? Shi kuwa yaron da bai taɓa taka Isa ba ya san sunansa. Wannan abin lura ne ga mai dukiya da mai mulki, abin tsoro ne kuma ga duk mai harshe, domin zambon ma bai mutu ba, yana nan tare da yabon.

Saura magana ɗaya. Tushen da ya fitar da Narambaɗa yana bushewa. Gayya ta ja baya tun da noma ya koma na ƙwadago da na inji. A 'yan shekarun nan kuma 'yan bindiga sun addabi ƙasar Isa da Shinkafi da Sabon Birni, sun tashi ƙauyuka, sun raba manoma da gonakinsu. Inda babu noma babu gangar noma, in kuma gari ya watse, takensa da kirarinsa da sunayen kakanninsa su kan watse tare da shi. Abin da na'ura ta ɗauka na fada ne, na gona da na daka da na farauta yawancinsa yana cikin ƙirjin tsofaffi, tsofaffin kuwa kullum raguwa su ke. Masu alƙalami da tawada su ne malamai, masu yawon garuruwa su ne 'yan kasuwa. Wanda ya ke da tsoho a gida, ko ya sauka garin da ya ke da shi, ya zauna ya tambaye shi sunayen gonaki da rijiyoyi da zuriya, da kalmomin da aka daina faɗi, ya rubuta ko da a bayan takardar lissafi ce. Ya ɗauki mai kyau ya bar maras kyau, kamar yadda magabata suka yi da waƙoƙin Jahiliyya.

Allah Ya jiƙan Ibrahim ɗan Maidangwale, Ya yafe masa abin da harshensa ya yi kuskure, Ya jiƙan Sarkin Gobir Amadu da sauran Musulmi. Allah Ya mai da zaman lafiya ƙasar Gobir da Zamfara, Ya mai da manoma gonakinsu. Allah Ya tsare harsunanmu daga abin da za mu yi nadama a kansa ranar hisabi, amin.

Tamat bi hamdillahi.